Cututtukan numfashi: ko gwajin jinin yau da kullum zai iya tantance majinyata tun daga ƙofar asibiti?

A ƙarshen shekarar 2024, labarin wata baƙuwar cuta a yankin Panzi na lardin Kwango, a kudu maso yammacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya tayar da hankalin hukumomin lafiya. Daga 24 ga watan Oktoba zuwa 16 ga watan Disamba, hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙidaya mutum 891 da suka kamu, 48 suka rasu, fiye da rabin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Alamomin kuwa sanannu ne: zazzaɓi, tari, majina, ciwon kai da kasala. Yankin ba shi da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, sai da aka riƙa kai samfura Kinshasa, tafiyar kwana biyu a mota cikin damina. Da sakamako ya fito a ƙarshen Disamba, sai aka tarar da mura da korona da wasu ƙwayoyin bairos na numfashi, sun haɗu da zazzaɓin cizon sauro a jikin yaran da tamowa ta riga ta raunana.

Abin da ya faru a Panzi yana faruwa a ƙaramin mataki kowane hunturu a Garwa da Marwa da Ndjamena da Tamale da Damagaram. Ana kawo mutum sashen gaggawa yana haki, jikinsa rau da zazzaɓi, kuma dole likita ya yanke shawara kafin ya san sunan cutar. Gwajin PCR da ke gano ƙwayar bairos kai tsaye yana da tsada, kuma sau da yawa yana can babban birni. Wannan ne ya sa tun zamanin korona masu bincike suka koma kan wata tambaya: gwajin jinin da ake yi wa kowane majinyaci, wanda takardun asibitocin ƙasashen renon Faransa ke kira NFS, ko zai iya nuna wanda ke ɗauke da bairos na numfashi?

Shawara biyu cikin awa guda

Likitan sashen gaggawa yana fuskantar shawara biyu da ba sa jira. Ta farko ita ce inda za a kwantar da majinyacin: cikin jama'a, ko a keɓe. Ta biyu ita ce ko za a ba shi antibiyotik, wato maganin da ke kashe bakteriya amma ba ya taɓa bairos.

Kuskure a shawara ta farko yana iya mayar da asibiti matattarar yaɗa cuta. A watan Mayun 2015, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wani mai ɗauke da cutar MERS ya kwana uku a sashen gaggawa na wani babban asibiti ba a gane shi ba. Mutum 82 suka kamu daga gare shi: majinyata 33, ma'aikatan lafiya 8, da 'yan jinya da masu dubiya 41. Gaba ɗaya annobar ta kama mutum 186 a ƙasar, ta kashe 38. Adadin masu dubiyar ya kamata ya ja hankalin duk wanda ya san asibitocin yankin nan, inda kowane gado ke da mai jinya kwance a ƙarƙashinsa, ga 'yan uwa da maƙwabta na shiga da fita da kwanukan abinci.

Kuskure a shawara ta biyu yana da fuska biyu. Idan aka hana antibiyotik ga mai ciwon huhu na bakteriya, ana iya rasa shi cikin kwanaki. Idan kuma aka ba kowa, magungunan na rasa ƙarfinsu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a watan Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a 2019 sakamakon bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba a duniya da mace-mace 27.3 cikin kowane mutum dubu 100.

Alƙaluma kuma na nuna cewa bairos ne ke da kaso mafi girma a cututtukan numfashi na yara. Binciken PERCH da aka gudanar a ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, aka fitar da shi a 2019, ya gano cewa kashi 61 cikin 100 na ciwon huhu mai tsanani a yaran da aka kwantar bairos ne ya haddasa shi, bakteriya kuma kashi 27. Bairos guda ɗaya mai suna RSV shi kaɗai ya kwashe kashi 31. Wannan ƙwaya tana kashe yara fiye da dubu 100 a shekara, kusan dukkansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mura ta yau da kullum, wadda ake rainawa, OMS ta ce tana kashe tsakanin mutum dubu 290 da dubu 650 a shekara.

Abin da jini ke iya faɗa

Gwajin NFS yana ƙidaya ƙwayoyin jini: jajaye, farare, da waɗanda ke daskarar da jini idan an ji rauni. Fararen su ne sojojin jiki, kuma sun kasu rukuni-rukuni. Rukunin nutrofil yakan ƙaru idan bakteriya ta shiga jiki. Rukunin limfosit shi ke fuskantar bairos, kuma a mura mai tsanani da korona yakan ragu sosai a cikin jini. Rukunin eyozinofil, wanda ke yaƙi da tsutsotsi, yakan kusan ɓacewa a farkon korona.

Bayan NFS akwai CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa idan jiki na fama da kumburi. Yakan fara hawa cikin 'yan awoyi, ya kai ƙololuwa bayan kimanin kwana biyu, kuma galibi ya fi hawa a cutar bakteriya. Akwai kuma LDH, wanda ke ƙaruwa idan ƙwayoyin halittar jiki na lalacewa, da feritin, ma'ajiyar sinadarin ƙarfe da ita ma ke hawa lokacin kumburi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ganin ƙwayar bairos. Abin da suke nunawa shi ne martanin jiki, kamar mafaraucin da ke karanta sawu ba tare da ya ga naman ba. Likitoci sun daɗe suna karanta wannan sawu da ido. Sabon abu shi ne haɗa alƙaluma goma ko ashirin a cikin lissafi ɗaya, a bar kwamfuta ta fitar da maki.

Abin da aka gwada a Turai

A farkon 2020, lokacin da korona ta mamaye arewacin Italiya kuma sakamakon PCR ke ɗaukar awoyi masu yawa, masu bincike a asibitin San Raffaele na Milan sun ɗauki bayanan majinyata 279 na sashen gaggawa, suka horar da manhajar kwamfuta a kansu. Manhajar ta yi daidai a tsakanin kashi 82 zuwa 86 cikin 100. A ƙasar Holan, wasu asibitoci sun fitar da abin da suka kira makin korona, mai haɗa shekaru da jinsi da CRP da LDH da feritin da adadin limfosit da nutrofil da hoton ƙirji. Asibitin Catharina na birnin Eindhoven ya fitar da nasa mai suna CoLab, wanda ya dogara da gwajin jini da shekarun majinyaci kawai.

Aikin da ya fi faɗi shi ne na jami'ar Oxford a Ingila. Manhajarsu mai suna CURIAL ta koyi darasi daga bayanan zuwan majinyata fiye da dubu 100. Daga baya suka rage ta zuwa wadda ke buƙatar NFS kawai da ma'aunin zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, hawan jini da iskar oksijin. Da aka gwada ta a sashen gaggawa na asibitin John Radcliffe a 2021, sakamako na fitowa cikin minti 45 da isowar majinyaci, awoyi da dama kafin PCR.

Sai dai masu wannan aiki sun fayyace iyakarsa. Manhajar tana taimakawa ne wajen ware waɗanda da wuya su kasance masu cutar, domin a wuce da su ɗakin jama'a ko ɗakin tiyata ba tare da jira ba. Tabbatar da cuta aikin PCR ne ko gwajin gaggawa na hanci. Haka kuma jini ba ya iya rarrabe mura da korona da RSV yadda za a dogara da shi.

Wani nazari da mujallar BMJ ta fara wallafawa a watan Afrilun 2020, ta ci gaba da sabunta shi, ya duba irin waɗannan manhajoji fiye da 200 na hasashen korona. Kusan dukkansu an same su da rauni a tsari: majinyata kaɗan, asibiti ɗaya, kuma ba a sake gwada su a wani wuri ba. Kaɗan ne ƙwarai suka kai ga aiki a gefen gadon majinyaci.

Lissafin da ke bayan kalmar "babu"

Ƙarfin irin wannan tantancewa ya dogara da yawan cutar a gari a lokacin. Misali na lissafi zai nuna haka. A ɗauka akwai manhaja da ke gane mutum 80 cikin masu cuta 100, ta kuma wanke mutum 90 cikin marasa cuta 100.

A lokacin da cutar ta lafa, a ce cikin majinyata 1,000 mutum 50 ne ke ɗauke da ita. Manhajar za ta kama 40, ta saki 10. Cikin sauran 950, za ta zargi 95 bisa kuskure, ta wanke 855. Ke nan cikin mutum 865 da ta ce babu, 10 ne kawai ta kuskure, kusan ɗaya cikin ɗari. Amma cikin 135 da ta zarga, 40 ne kawai masu cutar. Kalmarta ta "babu" abin dogaro ce, kalmarta ta "akwai" kuwa zato ne da ke buƙatar tabbaci.

Idan annoba ta yi ƙamari, a ce 300 cikin 1,000 ne ke ɗauke da cutar, lissafin ya juya. Za ta kama 240, ta saki 60, ta wanke 630 cikin marasa cutar. Cikin mutum 690 da ta ce babu, 60 na ɗauke da cutar, wato kusan ɗaya cikin goma sha ɗaya. A ɗakin da ke da gado ashirin da biyu, mutum biyu ke nan masu yaɗa cuta da takardar wankewa a hannu. Saboda haka asibitin da ba ya sanin abin da ke yawo a garinsa mako-mako ba zai san nauyin da zai ɗora wa makin ba.

Kayan aro ba ya rufe katara

Babbar matsala ga yankin Sahel da gaɓar tekun Gine ita ce, jinin da aka horar da manhajojin a kansa ya bambanta da jinin da ke isa ɗakunan gwaje-gwaje na Marwa ko Kumasi.

Na farko, zazzaɓin cizon sauro yana barin sawu mai kama da na bairos. Yana rage limfosit, yana rage ƙwayoyin daskarar da jini, yana ɗaga CRP da LDH da feritin. Najeriya da Nijar na cikin ƙasashe huɗu da ke da fiye da rabin mace-macen wannan cuta a duniya. Ga manhajar da ba ta taɓa ganin zazzaɓin sauro ba, yaron da ke fama da shi zai yi kama da mai korona. Akasin haka ma na faruwa: gwajin gaggawa na zazzaɓin sauro, wato TDR, yana iya nuna akwai makonni bayan an sha magani, kuma mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar ba tare da ita ce ke kwantar da su ba. Sakamakon TDR yakan rufe bincike tun kafin a saurari ƙirji. Darasin Panzi ke nan, inda cututtukan biyu suka taru a jiki ɗaya.

Na biyu, akwai gado. Mafi yawan mutanen yammacin Afirka, fiye da kashi 90 cikin 100, ba su da wata alama da ake kira Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu. Wannan gado yana ba da kariya daga nau'in zazzaɓin sauro na vivax, kuma yana tafiya da ƙarancin nutrofil a cikin jini ba tare da wata cuta ba. Adadin da ake ɗauka ƙasa da ƙa'ida a Oxford, lafiyayyen adadi ne a Ndjamena. Sikila kuma, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da irinta a Najeriya, tana ɗaga fararen ƙwayoyin jini da LDH a jikin masu fama da ita ko da babu wata sabuwar cuta.

Na uku, tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga eyozinofil. Manomin shinkafa a Yagwa ko masunci a bakin tafkin Cadi yana iya samun raguwar eyozinofil saboda bairos, amma adadin ya tsaya a inda manhajar ke ɗauka daidai ne. Cutar SIDA da tarin fuka da tamowa kowace na rage limfosit. Taifot na rage eyozinofil da fararen ƙwayoyi. Zazzaɓin dengi, wanda ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso a 2023, Cadi kuma ta ayyana ɓullarsa a Abeche a watan Agustan shekarar, yana rage farare da ƙwayoyin daskarewa. Zazzaɓin Lassa ma yana rage limfosit, kuma kuskure a kansa yana cin rayukan ma'aikatan jinya.

Ko ma'aunin da ake buga wa a gefen takardar sakamako, wanda ke nuna iyakar lafiya, galibi daga Turai ko Amurka ya zo tare da na'urar. Wani bincike da cibiyar Kintampo ta ƙasar Gana ta wallafa a 2012 ya auna jinin lafiyayyun manya a tsakiyar ƙasar, ya nuna cewa da za a bi ma'aunin ƙasashen yamma, da kaso mai yawa daga cikinsu za a ce ba su da lafiya. Masu binciken Oxford da kansu sun gwada manhajarsu a asibitocin Biyetnam, suka wallafa sakamako a 2024: ƙoƙarinta ya ragu, sai da aka sake daidaita ta da bayanan majinyatan wurin sannan ta farfaɗo.

Gwajin yau da kullum da ba kullum ake samu ba

Dukan wannan tunani ya ginu kan cewa ana ɗibar jinin kowane majinyaci da zarar ya iso, sakamako ya fito cikin awa guda, ya shiga kwamfuta da kansa, kuma ba majinyaci ke biya ba. A nan ne hikimar take: bayanin yana nan, kyauta ne, sai a ci moriyarsa sau biyu.

A yawancin asibitocin yankin abin ba haka yake ba. Likita ya rubuta takarda, ɗan uwan majinyaci ya je ya biya a akwati, sannan a ɗebi jini. Idan babu kuɗi a hannu, gwaji ya jira har a sayar da akuya ko ɗan uwa ya turo ta waya. Idan wuta ta ɗauke ko sinadaran na'ura suka ƙare, sai a tura shi labo mai zaman kansa a cikin gari. Kwamitin mujallar Lancet kan gwaje-gwaje ya bayyana a watan Oktoban 2021 cewa kashi 47 cikin 100 na al'ummar duniya ba su da hanyar samun gwaji ko kuma kaɗan suke samu, kuma a ƙananan asibitocin ƙasashe masu tasowa, idan aka cire gwajin SIDA da na zazzaɓin sauro, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun gwaje-gwaje mafi sauƙi. A watan Mayun 2023 babban taron OMS ya zartar da ƙuduri kan ƙarfafa wannan fanni. Nijar ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga watan Satumban 2024, har da na gwaje-gwaje, matakin da amfaninsa ya dogara da samuwar sinadarai a ɗakunan gwajin.

Korona ta nuna girman giɓin, ta kuma ɗan cike shi. A farkon watan Fabrairun 2020, ɗakunan gwaji biyu ne kacal a Afirka kudu da Sahara ke iya gano cutar, ɗaya a cibiyar Pasteur ta Dakar, ɗaya a Afirka ta Kudu. Cutar ta isa Kamaru da Togo a ranar 6 ga Maris, Gana a ranar 12, Nijar da Cadi a ranar 19. A Gana nauyin ya hau kan cibiyar Noguchi ta Akara da KCCR ta Kumasi, a Kamaru kan cibiyar Pasteur ta Yawunde da reshenta na Garwa, a Nijar kan CERMES ta Yamai. A Kano, maƙabartu sun cika a watan Afrilu ana ta muhawara kan musabbabi, sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 na iya kasancewa da alaƙa da korona. An kai ga wannan adadi ne ta hanyar tambayar iyalan mamata, domin ba a gwada su ba suna raye.

Daga baya an karkatar da na'urorin GeneXpert na tarin fuka zuwa gwajin korona, ko da yake kowane harsashi na gwaji ya kai dala 19.80 a farko. A watan Satumban 2020 aka sanar da yarjejeniyar samar da gwajin gaggawa miliyan 120 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a kan farashin da bai wuce dala 5 ba. Tun da OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayun 2023, gwajin cututtukan numfashi ya ja baya a ko'ina. Janyewar Amurka daga OMS da shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a watan Janairun 2025, da rushe hukumar USAID, sun taɓa kuɗin da ke ɗaukar nauyin jigilar samfura da sinadarai a ƙasashe da dama.

Abin da ya riga ya nuna amfani

Akwai matakai masu sauƙi da aka gwada a ƙasashe masu irin wannan yanayi. A Biyetnam, wani gwaji da aka wallafa a 2016 kan majinyata fiye da 2,000 masu cutar numfashi marar tsanani ya nuna cewa auna CRP da ɗigon jinin yatsa ya rage shan antibiyotik daga kashi 78 zuwa 64 cikin 100, ba tare da jinkirin warkewa ba. A Tanzaniya, binciken da aka fitar a 2014 kan yara 1,005 masu zazzaɓi ya sami bairos a kashi 70, zazzaɓin sauro kuma a kusan kashi 10. Daga nan aka ƙirƙiro manhajar ePOCT+ da ke jagorantar malamin asibiti mataki-mataki a kan kwamfutar hannu, tare da CRP da ma'aunin yawan jini da na oksijin. A asibitocin da suka yi amfani da ita, kashi 23 na yara aka rubuta wa antibiyotik, a sauran kuwa kashi 70, kuma yaran ba su fi shan wahala ba.

Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ita ma ta nuna daraja. Ba ta faɗin sunan cuta, amma tana nuna wanda ke bakin mutuwa: ƙasa da kashi 90 na nufin yaro na buƙatar oksijin nan take. Shirin AIRE, wanda ƙungiyar ALIMA ta jagoranta da kuɗin Unitaid, ya shigar da ita cikin duba yara a ƙananan asibitocin Burkina Faso da Gine da Mali da Nijar.

Waɗannan matakai sun yi tarayya a abu guda: an gina su ne kan tambayar da likitan wurin ke yi, an kuma gwada su a kan mutanen wurin.

Majinyaci tsakanin iyakoki biyu

Ga Hausawan da ke zaune a Kamaru da Cadi da Gana da Togo da Benin da Kodebuwa, batun yana da ƙarin nauyi. Da yawa fatake ne, direbobi, mahauta da dillalan dabbobi da kaji, masu ƙetare iyaka sau da dama a wata. Cutar numfashi na bin hanyar da kaya ke bi. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magarya ta Nijar, a watan Maris kuma a agwagin Marwa. Alhazai da masu umara na dawowa daga Saudiyya, inda aka fara gano MERS a 2012, kuma raƙuman Sahel da dama na ɗauke da alamun ƙwayar a jininsu.

Babu manhajar da za ta san mutum ya kwana uku a kasuwar kaji ko ya sauka daga jirgin Jidda idan ba a tambaye shi ba, kuma tambayar na buƙatar harshen da zai amsa da shi. Dattijuwar zango da aka kai asibiti a Kumasi ko Duwala takan dogara da jikanta ya yi mata tafinta, inda "numfashina na sama-sama" ke komawa "tana tari". Takardar sakamako ma na canza kama a iyaka: wadda aka rubuta da Faransanci a Kuseri za a karanta ta a Maiduguri, wani labo na rubuta CRP da miligiram a lita, wani a desilita, bambancin ninki goma ke nan. Riƙe tsofaffin takardun gwaji na da amfani na gaske, domin likitan da ya ga adadin nutrofil ko eyozinofil na mutum lokacin da yake lafiya zai fi gane abin da ya canza. Faɗin maganin da aka riga aka sha a gida, musamman antibiyotik na masu talla, shi ma yana sauya yadda ake karanta sakamako.

Abin da ya rage a yi

Tsarin da ya fi dacewa da yankin ya fara ne daga ƙofa: a tambayi tari da tafiya da hulɗa da dabbobi, a ba mai tari takunkumi, a zaunar da shi inda iska ke ratsawa, a auna oksijin. Daga nan TDR, sannan NFS da CRP ga wanda ke buƙata, a karanta su tare, ba tare da an bar sakamakon zazzaɓin sauro ya rufe sauran tambayoyi ba. PCR da GeneXpert, da yake sun yi ƙaranci, a tanade su ga wanda jini da alamomi suka fi nunawa, da kuma duk lokacin da mutane da yawa daga unguwa ɗaya ko gida ɗaya suka zo da ciwo iri ɗaya.

A wannan matsayi ne lissafin jini zai fi amfani a Sahel: zaɓen wanda za a kashe wa harsashin gwaji mai tsada, da kuma faɗakarwa. Idan labo na asibitin lardi na tattara sakamakon NFS a kwamfuta, hauhawar masu ƙarancin limfosit cikin mako biyu alama ce da za ta sa a aika samfura Garwa ko Yamai tun kafin maƙabarta ta ba da labari. Hakan na buƙatar abubuwa uku da gwamnatoci da jami'o'in yankin za su iya yi da kansu: auna jinin lafiyayyun mutanensu domin fitar da ma'aunin gida, adana sakamako a kwamfuta maimakon littafin rajista, da gwada duk wata manhaja da aka kawo a kan majinyatan da ke da zazzaɓin sauro da sikila da tsargiya kafin a miƙa ta ga ma'aikata. Yarjejeniyar yaƙi da annoba da ƙasashen OMS suka amince da ita a ranar 20 ga Mayun 2025 ta yi maganar ƙarfafa ɗakunan gwaje-gwaje da sa ido kan cututtuka. A asibitin lardi, ma'aunin wannan alƙawari shi ne ko na'urar NFS na da sinadarai da wuta a daren da aka kawo yaro yana haki.